Mintocin Clifford Garside

A garinmu duk wanda ya taɓa aiki a masaƙar ulu ta bakin rafi ya san Clifford Garside, kuma har yau ban ji wanda ya ambace shi da alheri ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wani ɗan akurkin ɗaki mai tagar gilashi a bakin ƙofar masaƙar, aikinsa rubuta lokacin shigar ma'aikata da fitarsu. Ka makara da minti uku, ya zaftare maka kuɗin kwata, wato na minti goma sha biyar. Ba ya zagi, ba ya tsawa. Agogonsa zai duba, ya dube ka, ya sunkuya ya rubuta. Wata rana Misis Dyson ta iso tana haki, ta ce mijinta ne ya faɗo daga matakala, sai da ta jira motar asibiti. Clifford ya ce, "Allah ya ba shi lafiya," ya rubuta bakwai da minti huɗu. Tun daga ranar sunansa ya koma Minti Uku, har waɗanda aka haifa bayan an rufe masaƙar da shi suka san shi.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne yadda aka yi Enid ta aure shi. Enid a sashen gyaran yadi take, mace ce mai dariya, in ta kwashe da ita sai an ji ta a ƙarshen layi. In an tambaye ta me ta gani a jikinsa, sai ta ce, "Bai taɓa shanya ni a tashar bas ba. Ku naku fa?" Allah bai ba su haihuwa ba. Abin da suka mallaka shi ne gidansu na saman tudu, da fam dubu arba'in da ɗaya a banki, kuɗin da aka tara ta hanyar kashe abin ɗumama ɗaki tun sanyi bai gama tafiya ba, da jiƙa ganyen shayi ɗaya sau biyu. Abu guda ne Enid ta ƙi yarda a taɓa mata, gyaran gashinta na ranar Alhamis. Shekara hamsin, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, sai ta gangara shago an naɗe mata shi da 'yan robobi, ta dawo tana taku ɗaiɗai. Clifford ya yi mita har ya gaji.

Tana da shekara saba'in da bakwai ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ta fito daga asibiti da hannu ɗaya mai aiki, da kalmomin da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: i, a'a, shayi, sai Cliff. Ranar da za a sallame ta likita ya kawo zancen gidan kula da tsofaffi. Enid ta damƙi hannun rigar mijinta, ta ce a'a har sau uku. Clifford ya ce mata, "Gida za mu tafi, kuma a gida za ki zauna. Na faɗa." In za a yi masa adalci, har cikin ransa ya faɗa. Son da yake mata gaskiya ne, sai dai bai san wata hanyar nuna so ba in ba ya tsare wa mutum haƙƙinsa ba.

Sai ga wata mata daga ofishin walwala na hukumar gari, da jaka cike da takardu. Ta sha shayi, ta yaba labule, ta nemi takardun banki. Da ta gama 'yan latse-latsenta ta ce ajiyarsu ta haura iyaka, don haka su ne za su biya kuɗin kula gaba ɗaya. Hukuma za ta nemo kamfanin masu kula da marasa lafiya a gida, ta riƙa turo musu bil duk wata. Abin da tattalin shekara hamsin ya saya musu ke nan. Aka tsara zuwa sau biyu a rana, rabin awa da safe, rabin awa da yamma, kowane zuwa fam goma sha uku.

Kamfani ya turo Lorraine Platt, wata kakkaurar mata 'yar shekara hamsin da biyu, mai tsohuwar mota da ke tari kafin ta hau tudun. Gidaje goma sha tara take zagayawa a rana. Takardar aikinta takan ce ta gama da wani tsoho ƙarfe takwas a wancan ƙetaren rafi, ta fara da Enid ƙarfe takwas a wannan ƙetaren, sai ka ce fiffike gare ta. Ba a biyanta lokacin da take kan hanya. A ofis kuwa an gaya mata da baki, ba a rubuce ba, cewa abin da ke kan takarda shi za ta riƙa sawa a littafin ziyara, rabin awa cif.

Amma Lorraine ta iya aikinta. Tun daga ƙofa za ka ji ta: "Enid tawa! Wa ya ɓata min ke yau? Wannan tsohon ne? Faɗa min in yi maganinsa!" Ta san inda za ta sa hannu ta ɗaga Enid ba tare da kafaɗar da ta mutu ta yi zafi ba. Ta yi mata wanka, ta shafa mata mai, ta sa mata kaya, ta ba ta magani, duk bakinta bai rufu ba. In Clifford ya miƙa wa matarsa cokalin kunun alkama sai ta datse leɓe. In Lorraine ce, sai ta share kwanon.

A watan farko Lorraine ta tarar da Enid ta ƙura wa madubi ido, tana shafa gashinta da ya kwanta ya yi laƙwas. Ta tambayi maƙwabciyarsu Mavis Clegg, Mavis ta ba ta labarin Alhamis. Tun daga makon, duk Alhamis in ta tashi aiki ƙarfe huɗu sai ta dawo da kayanta na gida da wata leda cike da robobin gashi. Takan yi minti arba'in da biyar, wani lokaci awa guda, ko sisi ba ta karɓa. A wata Alhamis ɗin ne dariyar Enid ta dawo, karkatacciya, rabin baki, amma Mavis ta ji ta ta bango. Enid ta ƙara kalma ta biyar a cikin kalmominta, sunan Lorraine.

Shi kuwa Clifford, da bil na farko ya zo, fam ɗari takwas da 'yan kai, sai ya hau sama ya ɗauko agogonsa na masaƙa da wani jan littafi. Kullum yana zaune a kujerar bakin ƙofa. Lorraine ta shigo ya rubuta, ta fita ya rubuta. Minti goma sha tara. Sha bakwai. Ashirin da ɗaya. Wata Litinin ma sha huɗu. Littafin kamfani da ke kan teburin kicin kuwa kullum talatin yake cewa. Zuwan Alhamis bai taɓa rubuta shi ba, don a ganinsa wannan ba ya cikin yarjejeniya, zumunci ne.

Ya buga wa hukuma waya. Aka bar shi minti arba'in yana sauraren kiɗa, sannan wata murya mai laushi ta ce masa kuɗin abin da aka tsara ake karɓa, ba na abin da agogo ya nuna ba. Ya rubuta wasiƙar ƙorafi. Bayan mako shida amsa ta zo, shafi biyu na godiya da tausayawa, a can ƙasa aka ce ba a sami hujja ba. A nan suka yi kuskure. Da sun ce masa sun ƙi, wataƙila da ya haƙura. Amma a ce wa Clifford Garside ba shi da hujja a kan lokaci?

Mavis ta hango shi ta kan shinge yana kwafe littafin a fararen takardu, da rula, layi-layi.

"Clifford, wannan kuma jarrabawar wa za ka zauna?"

"Haƙƙin Enid nake nema. Ana cinye mata kuɗi."

"Haƙƙin Enid ko naka? Ita Enid ɗin ta aike ka? Kai dai ka yi kewar yanke wa mutane kwata ne."

"Minti goma sha ɗaya kowane zuwa, Mavis. Ki lissafa wata biyar."

"Ni lissafina ɗaya ne, matarka tana cin abinci, tana dariya. Ka rufa wa kanka asiri ka bar yarinyar nan ta ci abincinta. Ka san wa za a kora? Ba mai wayar can ba."

"Ba ruwana da wanda za a kora. Ni abin da ya faru na rubuta."

Mavis ta ja tsaki, ta kwashe shanyarta ta shige gida.

Ba a rufa kwana biyu ba maganar ta kai kunnen Lorraine. Da ta gama shirya Enid da safe, ta jawo ƙofar falo, ta same shi a kicin. Ranar babu wasa a bakinta.

"Mista Garside, na ji za ka tura takardu sama."

"Haka ne."

"Da sunana a ciki?"

"Ke kike zuwa. Sunan wa zan sa?"

"Ka ji tsoron Allah. Ni na tsara takardar nan? In na cika rabin awa a nan, Mista Booth da zan je wa daga nan na can kwance cikin fitsarinsa har ƙarfe goma. Akwai abin da na taɓa bari ban yi wa Enid ba? Faɗa min guda ɗaya."

"Babu."

"To ka kai ƙarar kamfani mana, ka cire sunana. Wallahi in takardar nan ta je, ni za su miƙa. Za su ce ni na yi ƙarya a littafi."

"Talatin kika rubuta ko ba talatin ba?"

Ta tsaya tana kallonsa, idonta ya ciko. "Alhamis fa? Ita ma ka rubuta?"

"Wannan ba lokacin aiki ba ne, Misis Platt."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Ya dubi agogo. Maganar da suka yi ta ci minti huɗu, ya daɗe yana tunani ko ya haɗa su a cikin zuwan, daga ƙarshe ya cire su.

Ya tura takardu shafi ashirin da shida zuwa mataki na gaba. Wannan karon ba a sami ta cewa ba, don aikin Clifford babu gyara a cikinsa. Bayan wata uku wasiƙa ta zo: an karɓi ƙorafinsa, ana ba shi haƙuri, za a mayar masa da fam dubu ɗaya da ɗari huɗu da talatin, kuma ana yaba masa bisa taimaka wa hukuma wajen inganta aiki. Ya karanta wa Enid ita a tsaye, da tabarau, kamar mai karanta sakamakon zaɓe. Ya ce, "Kin gani? Ba wanda zai cuce ki ina raye." Ranar har kifi da soyayyen dankali ya sayo musu.

Da safe wata baƙuwar yarinya ce ta buga ƙofa, ba Lorraine ba. Hukuma ta matsa wa kamfani, kamfani ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, ya kori Lorraine bisa rubuta ƙarya a littafin ziyara. Wanda ya ce ta rubuta hakan yana nan a kujerarsa, an ma ce an ƙara masa girma. Yarinyar ta cika rabin awarta cif, tana kallon agogon bango. Ta ja Enid ta shanyayyen hannun, Enid ta yi ƙara. Washegari wata ce ta zo, jibi wata. A mako uku Clifford ya rubuta sunaye tara a jan littafinsa, kowace da talatin a gabanta, Enid kuwa ta daina cin abinci. Alhamis ta zo ta wuce, tana zaune tana kallon ƙofa, tana kiran suna ɗaya.

Sai kamfani ya rubuto cewa saboda ƙarancin ma'aikata ba zai iya ci gaba da zuwa gidan ba, ya ba da wa'adin kwana ashirin da takwas. Kowa ya san dalili, ba mai son aiki a gidan da ake zaune masa da agogo. Hukuma ta ce ta tuntuɓi kamfanoni huɗu, duk sun ce ba su da gurbi a saman tudu. Clifford ya ce shi zai yi da kansa. Tsoho ɗan shekara tamanin, da ƙugu mai ciwo. A kwana na shida suka zube tare a banɗaki, sai da Mavis ta ji bugun bango ta kira motar asibiti.

Daga asibiti ba a dawo da Enid gida ba. Matar nan mai jaka ta sake zuwa, ta ce zamanta a gida ya zama haɗari, an sama mata ɗaki a wani gidan kula da tsofaffi a bayan gari, fam dubu ɗaya da ɗari da hamsin a mako. Clifford ya yi lissafin a ransa tun kafin ta rufe baki. Kuɗin da ya yi wata takwas yana yaƙi a kansu ba su kai na kwana tara ba. Ranar da aka tura Enid cikin mota a keken guragu ba ta ce a'a ba, ba ta kama rigarsa ba. Kallonsa kawai ta yi. Da ta iya zagi ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Kullum yana zuwa duba ta. Ya hau bas ɗin ƙarfe ɗaya da rabi, ya sa hannu a littafin baƙi da ke bakin ƙofa, suna da lokacin shiga da lokacin fita, ya zauna gefen gadonta har ƙarfe huɗu, ya miƙe ya ce, "To, huɗu ta yi," ya tafi ya kama bas. Ta daina cewa Cliff. In ya shigo sai ta juya fuska wajen taga. A mako na biyu ya tarar an datse mata gashi gajere irin na maza, wai ya fi sauƙin wankewa, kuma a ƙarshen wata ya ga an sa shi a bil, gyaran gashi fam goma sha takwas. Ya daɗe riƙe da takardar. Bai rubuta wa kowa wasiƙa ba.

Ana nan, gashin ya fara tsiro, wata Juma'a ya ga an ɗan naɗe shi ta gaba, yadda take so. Ya tambayi ma'aikaciya, ta ce ita ba ta sani ba. To, mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana karanta littafin shiga da fita ba a ɓoye masa abu a littafi. Ya buɗe shafin jiya, ya bi da yatsa. Ga nasa, fita ƙarfe huɗu. A ƙasansa, L. Platt, shiga huɗu da minti goma, fita biyar da minti biyar. Ya koma baya. Alhamis bakwai a jere, kullum minti goma bayan fitarsa. Mavis ce ta gaya masa sauran, ba don tausayi ba: Lorraine a gidan burodi take aiki yanzu, tana tashi tun asuba, kuma ta roƙi masu gadin ƙofa su riƙa gaya mata in ya tafi.

Alhamis ta gaba ya cire fam dubu ɗaya da ɗari huɗu da talatin daga banki, ya sa a ambulan. Huɗu ta yi ya yi sallama kamar kullum, ya sa ƙarfe huɗu a littafin baƙi, amma bai fita ba, ya zauna a wata kujera a lungun baranda, bas ɗinsa ya wuce. Ya ga shigar Lorraine da ledarta. Can sai ya ji dariyar, karkatacciyar nan ta rabin baki, wadda rabonsa da ita tun kafin wasiƙar nasara. Zuciyarsa ta karye. Ya tsaya a bakin ƙofar ya fi minti biyar yana saurare, sannan ya tura.

Dariyar ta ɗauke. Enid na zaune da tawul a wuya, robobi uku a gaban goshi. Lorraine ta tsaya da mataji a hannu.

"Misis Platt," in ji shi. "Na zo ne in ce... ga wannan. Naki ne."

Ta dubi ambulan ɗin, ba ta miƙa hannu ba. "Mene ne?"

"Kuɗin da aka mayar. Duka. Ban taɓa ko peni ba."

"Ka ƙirga da kyau?"

"Na ƙirga."

"Na sani. Mayar da abinka aljihu, Mista Garside, za ka buƙace su wajen bil. Ni wurin ƙawata na zo."

Ya juya wurin matarsa. "Enid. Don ke na yi. Kin san don ke na yi."

Enid ta dube shi, karo na farko cikin wata uku. Bakinta ya fara motsi, tana kokawa da harshe, jijiyar wuyanta ta miƙe. Ya matso da sauri, ya sunkuya, yana jiran sunansa. Ta ɗaga hannunta mai lafiya, ta taɓa agogon da ke rataye a ƙirjinsa, sannan ta nuna ƙofa. Sabuwar kalma ce, kuma ta fito tar.

"Huɗu."

Lorraine ta kau da kai, ta ɗauki wata robar, ta ci gaba da naɗi.

Clifford ya ja ƙofar a hankali. A bakin fita ya ɗauki biro, ya dubi agogo, ya soke ƙarfe huɗu da ya riga ya sa, ya rubuta huɗu da minti ashirin da shida. Bas na gaba sai biyar da rabi, ga shi an fara yayyafi, ya tsaya a tasha da ambulan a aljihu.